Zanen da Aka Ciro Daga Harsashin Laburare

Zuwa ga yayana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Marlene da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwa, ko da yake wanda ya zaɓi zaman Alaska da kansa bai kamata ya yi kukan sanyi ba. Mu nan lafiya lau. Mama tana cin abinci, tana kuma faɗa da mai jinyarta, ka ga alamar sauƙi ke nan.

Yaya, kaina ya ɗaure. Ka san ana gyaran laburaren titin Alder, ginin da ya fito da sunan Baba tun kafin a ba shi shugabancin masu zanen gine-ginen birni. Ranar Talata magina suka ciro akwatin nan na tagulla da ake binnewa ranar aza harsashi, suka kira ni a buɗe a gabana. Akwai jaridar ranar, da hoton magajin gari, da ainihin zanen ginin. Ina warware shi na ga rubutun Mama. Ba wai kama ba, nata ne. Lambar bakwai ɗinta mai sanda a tsakiya, irin wadda take rubutawa a jikin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi na gidanmu, ga ta a awon kowace taga. Sa hannun da ke ƙasan zanen kaɗai ne na Baba.

Na kai mata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sai ta ce to, da wa nake tsammani? Wai Baba gwani ne a gaban 'yan majalisa, amma ka bar shi da fensir sai ya ɓula maka ƙofa inda babu hanya. Na ce makarantun nan goma sha ɗaya da ake cewa shi ya zana fa? Ta ce wasu nasa, wasu nata, wasu ita ma ta manta, kuma a zamaninsu wa zai damƙa wa mace ginin birni? Tana dariya, ni kuwa kuka ya zo mini, ban san ko don ita ba ne ko don shi. Bakina ya kasa cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, don Baba ne.

Ƙarshen wata za a yi bikin kafa allo a jikin laburaren da sunansa shi kaɗai, ni ce kuma mai jawabi. In na faɗa, na tona mamacin da ba zai kare kansa ba. In na yi shiru, na binne mai rai. Na roƙe ta ta zaɓa mini, ta ce shekara sittin tana yi wa gidan nan zaɓi, ta gaji. Amma jiya ta sa na goge mata shuɗiyar rigarta, ta ce a zaunar da ita a layin gaba, inda za ta ji ni sosai. Yaya, me take nufi? Don Allah ka bugo da zarar ka karanta.

Gaida Marlene, da Corwin, da autarku Josie.

Ƙanwarka,
Dolores