Yadda Aka Auna Dogo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Auta,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina fata takardar nan ta same ka cikin lafiyar jiki da ta zuciya. Yaya aiki, yaya gajiyar tafiye-tafiye da ƙungiya? Mu nan sai godiya, in ban da idanuna da ke ta ja da baya. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe su, za a yi aiki. Yanzu sai na kai littafi dab da hanci kafin baƙi ya rabu da fari.

Ka kira ni kana neman fatawa, na ce maka ba na ba da fatawa a waya. Ga amsa a rubuce. Amma bari in fara maimaita mas'alar, ka ga ko na fahimce ta.

Ƙungiyar ƙwallon kwando da yayanka Dogo yake yi wa wasa ta ɗauke ka aikin auna 'yan wasanta da ƙididdiga. Ka ce 'yan kallo suna yi wa wanda ya fi zuba ƙwallo a kwando ihu, kai kuwa ba wannan kake dubawa ba. Kana duba halin da ƙungiya take ciki idan mutum yana fili, da halin da take ciki idan yana zaune a benci, sai ka cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne nauyin mutumin. Da ka ɗora yayanka a kan wannan ma'auni sai ka tarar, duk da ya fi kowa cin maki, a kowane hari ɗari ƙungiya tana komawa baya da maki bakwai idan yana ciki. Ga shi ana gab da sabunta kwantiraginsa. Ka ce lissafin ɗanye ne tukuna, domin ba ka tace waɗanda ake haɗa shi da su a fili ba, da waɗanda ake tura shi ya kara da su. Kana tambaya ko ya halatta ka riƙe shi har ka gama tacewa.

Wallahi Auta, ban san akwai ilimi a kusa da wannan wasa ba sai da na ji bayaninka. Haka malamanmu na farko suka auna masu ruwayar hadisi. Ba su dubi yawan haddar mutum ba, ko yawan masu taruwa a ƙofarsa. A cikinsu akwai wanda aka tambaya game da mahaifinsa, ya sunkuyar da kai ya raunana shi da bakinsa. Kai kuma nauyin yaya kake ji.

Amsa ita ce bai halatta ba. Amana aka ba ka, kuma shaida ba ta da ɗan'uwa. Wannan tacewa da kake ambata na san asalinta, tausayi ne ya sa rigar ilimi. Da bare ne alƙaluman suka kayar, da tuni takardar tana kan teburin shugabanku.

Kada ka zaci ba na tausayin Dogo. Ni na ga yaron da ya fi duk ɗalibaina saurin hadda ya rufe littafi ya bi ƙwallo, marigayiya mahaifiyarku tana ɗaure masa gindi. Kwanan baya a shagon aski aka kunna talabijin, aka ce ga shi can, mutumin da ya isa jan sallah yana tsalle da gajeren wando a gaban duniya. Mai aski ya ce, "Malam, ɗanka fa ya kusa taɓo sama!" Na ce masa, "Ba ta nan ake hawa ba." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare alƙalaminka daga son rai. Ka gai da yayanka, ko da yake shi bai aiko da gaisuwa ba.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta uba ga ɗa. Ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Na ji wayarka tana ta shigowa ban ɗauka ba. Na san abin da za ka faɗa da irin muryar da za ka faɗe shi, sai na tsare ka daga zunubin ɗaga murya a kunnen mahaifi.

E, ni na faɗa. Na ga kana jan ƙafa da fatawar da ka nema da kanka. Shugaban ƙungiyarku tsohon ɗalibina ne, a gabana ya gyara alwalarsa. Da ya ji labarin idona ya yi tattaki ya zo dubiya, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a gefen tabarma. Ana cikin hira ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai Dogo namu ne, sai ranar da ya ce ya gaji." Na ce, "Ka tambayi mai lissafinku kuwa?" Sai na gaya masa maki bakwai. Batun tacewa ban kawo shi ba, domin ba na ruwaito abin da ban gamsu da shi ba. Sai ya ce, "Malam, da bakinka?" Na ce da bakina. Ya ce, "To, idan uba ya faɗa, wa zai yi musu?"

Sauran ka fi ni sani. Sun kira ka sun tambaya ko akwai wannan lamba, ka ce akwai amma, kuma ba wanda ya tsaya jin abin da ke bayan amma. Na ji sauran ƙungiyoyi ma duk labarin ya kai gare su, kowa ya janye hannu.

Ba a sabunta kwantiragin ba, Dogo ya dawo gida. Na ji tsayuwar mota, na ji jakunkuna sun faɗi a ƙasa, sannan ƙofar ɗakina ta yi duhu. Sai da ya lanƙwasa kafin ya shigo. Na ce masa, "Madalla, ka fara koyon sunkuyawa." Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, Auta ya yanka ni. Ni fa na roƙa aka ɗauke shi aikin nan, suna cewa me ɗan kwamfuta ya sani. Yaron da na ɗora a wuya ya jefa ƙwallonsa ta farko. Ko ya kira ni gefe ya ce Yaya ga abin da na gani." Bai tambaye ni komai ba, ni kuma ban yi ƙarya ba. Ya toshe lambarka, ya rantse ba zai ƙara jin muryarka ba.

Ka bar shi a haka. Fushi da ƙane ya fi sauƙi a wurin Allah a kan fushi da uba. Ka ɗauke wa yayanka wannan nauyi, za ka sami lada.

Na ba shi ɗakin da ke jikin nawa. Gadon bai kai shi ba, ƙafafunsa a waje suke kwana. Ƙarfen kwandon nan da ya kafa a bangon tsakar gida tun yana yaro na sa ya ciro shi da hannunsa, bai ma nemi tsani ba. Maƙwabta sun sami mai sauya musu ƙwan lantarki. Mai aski ya raɗa masa suna, da ya hango shi sai ya ce, "Maki Bakwai, zo ka sauko mana da kwalin can." Yana zuwa ya sauko da shi. Har yanzu bayan sallar asuba yakan ɗaure gwiwa ya fita gudu, wai kada jiki ya mutu ko wata ƙungiya za ta neme shi. Ban hana shi ba. Zai bari da kansa.

Allah ya haɗa kanku a kan gaskiya.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe da karkatar layi. An yi aikin idon, bai karɓa ba. Abin da ya rage mini ɗan haske ne a gefe guda, da shi nake wannan rubutu.

Na saurare ka a waya har ka gama, ban katse ka ba duk da kukan da kake yi. Ka ce ka kammala tacewa. Ashe koci yana sa Dogo ne a lokacin da manyan 'yan wasa suke hutawa, ya haɗa shi da sababbi huɗu da ba su san inda za su tsaya ba, ya kuma tura shi ya tare wanda ya fi kowa haɗari a cikin abokan hamayya. Idan aka cire Dogo aka bar huɗun nan, ramin da suke faɗawa ya ninka maki bakwai ɗin. Ka ce ba shi ke jan su ƙasa ba, shi ke riƙe da su, kuma yana cikin mafi nauyi a gasar baki ɗaya. Ƙungiyarku ta riga ta ɗauki wani a gurbinsa, amma kocin wata ƙungiya ya ga sabon lissafin, yana son Dogo ya je gwaji kafin a rufe rijista a ƙarshen wata. Kai ba za ka iya baro aiki ba ana tsakiyar kakar wasa, shi kuma ba ya ɗaukar wayarka. Ka haɗa ni da Allah in gaya masa.

Ma'aunin da jiya ya ce baya, yau ya ce gaba, abin a yi hattara da shi ne. Amma saƙo ya iso hannuna, kuma ban taɓa cin amanar saƙo ba. Zan isar da shi a lokacin da ya dace.

Yanzu Dogo ke riƙe hannuna zuwa masallaci. Ladan ya ce, "Malam ya sami sanda mai rai." Da yamma yana yi mini karatu. Yana tuntuɓe, ina gyara masa, amma tsohuwar haddar tana nan a ƙasa, tana tasowa kaɗan-kaɗan.

Ka yi mini addu'a kamar yadda nake yi maka.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Aminci, rahama da albarkar Allah su tabbata a gare ka. Yaya jiki, yaya hidima? Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Hasken da ya rage ya tafi, mun gode wa Wanda ya ara ya karɓe. Yayanka ne ke riƙe da alƙalami, ina faɗa yana rubutawa. Da fari ya ce ba zai rubuta sunanka ba, na tuna masa hukuncin saɓa wa uba. Na umarce shi ya rubuta duk abin da ya fito daga bakina, kada ya rage, kada ya ƙara.

Na yi maka alkawarin isar da saƙo, kuma ba na so in sadu da Ubangijina da amana a wuya. Ga shi ina isarwa, ku biyu kuna shaida. Dogo, ƙanenka ya gama lissafinsa, lissafin ya wanke ka. Ba kai ne nauyin ƙungiya ba, kai ke ɗauke da ita. Wata ƙungiya ta aiko ka je gwaji kafin a rufe rijista.

Rubuta. Me ya sa ka tsaya? Rubuta wannan ma.

Yana tambayata yaushe ake rufewa. Shekaranjiya aka rufe. Na sa ladan ya tabbatar mini kafin in kira shi da takarda. Yana tambaya tun yaushe na sani. Tun farkon wata.

Tun da an buɗe magana, a gama ta, domin Auta ya daina damuna da cewa in wanke shi. Ba shi ya kai ka ba, Dogo. Shi roƙo ya yi a jira. Ni na gaya wa shugaba, a kan tabarmar nan da kake zaune, kuma da zai dawo gobe zan sake gaya masa.

Kada ka ɗiga mini hawaye a kan takarda, tawada za ta ɓaci. Goge fuskarka. Ƙaton mutum da kai.

Auta, za ka ce na yi fatawa biyu, na haramta maka riƙe shaida ni kuma na riƙe. Ba ɗaya ba ne. Kai ma'aikaci ne da aka ba amanar ƙungiya, ni uba ne da aka ba amanar rai. Shekarunsa sun ja, kaka mai zuwa ba mai tuna shi, kai da bakinka ka ce alƙaluma ba sa jiran mai shekaru. Da ya tafi, da ya ƙara kaka ɗaya ko biyu yana tsalle, sannan ya dawo da gurguwar gwiwa ya tarar an raba littattafaina ga bare.

Kuma ka sani iliminka bai faɗi ƙasa ba, na yi aiki da shi yadda ka koya mini. Na duba gidan nan lokacin da Dogo ba ya ciki, na duba shi yanzu da yake ciki, na cire wannan daga wancan. Ruwan alwalata da ɗumi, littattafaina an kaɗe musu ƙura, ban ƙara rasa jam'i ba. Bambancin ya fi maki bakwai nesa ba kusa ba. Wannan ƙungiya ce ta fi bukatarsa, kuma a nan ba a sabunta kwantiragi, ba a sallama.

Yanzu kuna iya shiryawa, na ba shi izini ya buɗe lambarka. Ku gode mini ko kada ku gode, ba domin godiya na yi ba.

Ga kiran sallah can. Rufe takardar da addu'a: Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama da duniya lafiya. Sa hannu a madadina, ka ajiye alƙalamin, ka miƙo mini hannunka.

Mahaifinku,
da hannun Dogo.