Sunan da Na Bari a Bakin Ruwa

Ni ce mahaifiyarku, wadda katin shaida ya kira Aliza Ohayon. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya ce ciwon ya kai hanta. Da na tambaye shi ko zan ga Idin Ƙetarewa, babban idinmu na Yahudawa, sai ya shiga juya takardunsa, ni kuwa na gane. Wannan ne karo na huɗu da na fara, uku na yage. Na kasa zama wuri ɗaya, sai in rubuta layi biyu, in tashi in leƙa taga, in dawo. Dalya da Amram, ku karanta ta tare a ɗaki ɗaya, Bluma matar Amram tana zaune. Kada wani ya karanta wa wani ta waya.

Na ɗaya, gida. Naku ne ku biyu, ko ku sayar ko ku bari. Ba zan ce kada ku rabu da shi ba, don ni ma ban taɓa sabawa da shi ba. Shekara hamsin da biyar ina garin nan, amma har yau in na ji an buɗe famfo sai in tuna rafin da ya ratsa bayan gidanmu a Sefru. Ina da shekara goma sha bakwai muka bar Maroko. An ce mana wurin da za a kai mu kusa yake da Urushalima. Babbar mota ta sauke mu cikin yashi, babu ko bishiya. Mahaifina ya tambayi direba ina garin yake, direba ya ce, "Ai ku ne garin, Baba."

Na biyu, takardata ta gama sakandare da ke cikin akwatin gwangwani, na bar wa Dalya. Na yi ta uku a ajinmu, kuma ban taɓa ɗaga hannu ba sai an kira ni. Da wannan takarda a ƙirjina na sauka daga jirgin ruwa a Haifa, ina zaton za a tambaye ni ita. Mai rubuta sunaye bai ko ɗaga kai ba. Na ce sunana Mas'uda. Ya ce, "Wannan sunan tsofaffi ne. A nan ke Aliza ce." Da ma tilasta mini ya yi, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Godiya na yi masa. Ina so in zama 'yar ƙasa kafin a gane daga inda na fito.

Kakarku Zohra ba ta taɓa kira na Aliza ba har ta mutu. Wata rana a cikin bas ta ɗaga murya da Larabci tana tambayata ko na sayo kanumfari. Na ce, "Inna, ki yi shiru, ana kallonmu." Ta ce, "Su kalla mana, tsirara nake?" Amma daga ranar ba ta ƙara yi mini magana a waje ba. Shi ya sa ku biyu ba ku jin harshenta. Ba makaranta ce ta raba ku da shi ba, ni ce.

Na uku, turmin tagulla na Inna. Na san Dalya ta daɗe da sa masa ido, amma na Bluma ne. Dalya, kada ki tashi, ki karanta na huɗu.

Na huɗu shi ne dalilin da na yage takarda uku. Shekara ashirin da shida ke nan Dalya ba ta taka gidan ƙanenta ba. Ga yadda abin ya faro, don jikokina su sani. A wurinmu mutanen Maroko, in an haifi 'yar fari sai a yi wa kaka takwara tana da rai, ta rungumi sunanta da hannunta, kuma ba girmamawar da ta fi wannan. A wurin su Bluma, Yahudawan Polan, ba a sa sunan mai rai. Suna tsoron kada mala'ikan mutuwa ya zo ɗaukar tsohuwa ya rikice, ko kuwa a ce an ƙosa ta tafi. Da Bluma ta haihu aka sa wa yarinya Hinda, sunan ƙanwar mahaifin Bluma da aka kashe a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dalya ta miƙe a gaban baƙi ta ce, "Mutanen da ke zuba sukari a kifi ne za su koya mana mutunci? Uwarmu ba ta isa ba ke nan, don ba fara ba ce." Amram ya ce ta fita. Ta fita.

Ga abin da ba ku sani ba. Kwana biyu kafin suna, Bluma ta sa aka kira ni asibiti. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, babana zai yi kuka, amma in kina so zan sa sunanki. Ki faɗa mini kawai, wanne? Na ji Kaka tana kiranki da wani." Aliza ba nawa ba ne, wani ne ya ba ni yana hamma. Mas'uda kuwa na ga yadda za a yi wa yarinyar dariya a aji, a ce mata 'yar ƙauye, kuma a gane ni. Na ce, "Bari, 'yata. Sa na ƙanwar babanki."

Ni na ƙi. Kuma ranar da Dalya ta yi wannan magana ina zaune kusa da ita, farantin alewa a cinyata, ban buɗe baki ba. Na ce gobe zan faɗa. Mahaifinku Makluf ya rasu bai sani ba. Kowace shekara in Bluma ta kawo mini magani sai in jira ta tona, ba ta tona ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Mama, maganarki ce, ba tawa ba." Mutane suna cewa ina da kunya, kamar abin yabo. Kunyar nan ta cinye muku shekara ashirin da shida.

Dalya, kin yi faɗa ne don ni, na sani, kuma ba wanda ya taɓa tsaya mini haka. Ki yafe mini da na bar ki kina faɗa da wadda ba ta yi laifi ba. Ke za ki ɗauki turmin ki kai wa Bluma har gida, kuma ki nuna mata yadda ake daka barkono, don har yau miyarta kamar ta marasa lafiya. Amram, ka buɗe wa yayarka ƙofa da kanka, kada ka tsaya jiran ta fara gaisuwa.

Na biyar, dutsen kabari. A rubuta Mas'uda 'yar Zohra, daga Sefru. In hukuma ta nace, a sa Aliza a ƙasa da ƙananan haruffa.

Na shida roƙo ne, ba umarni ba, kuma na Hinda ne. Jikata, an ce haihuwarki bayan Idi ne. Kullum ina lissafa makonni, naki da nawa, in ga wa zai riga wani. In na kai, al'adarmu ta yarda a yi mini takwara. In ban kai ba, al'adar mahaifiyarki ta yarda. Wannan ne karo na farko da ɓangarorin biyu ba su da abin musu. In mace ce, kuma in zuciyarki da ta mijinki sun so, ku ɗauko sunan da na yar a bakin ruwa. Dalya ta riƙe jaririyar, Bluma ta faɗi sunan da ƙarfi, yadda na ƙofa zai ji. In kuwa namiji ne, Mas'ud yana nan, ba ku da hanyar gudu.

Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu ya yi muku albarka, ya sa ku ci abincin Asabar a tebur ɗaya, da kifi mai yaji da mai sukari. Kada ku koya wa yaro ya rage murya don ana kallo. Na bar ku ku uku, kada a zo kabarina a ga biyu.

Mahaifiyarku,
Mas'uda