Dalmar Rijiyarmu

Fatakwal, 9 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya Inna, yaya ƙafar Gwaggo Sadiya? Ni lafiya lau nake, sai dai kwana uku ke nan abinci ba ya shiga sosai.

Baba, na yi kuskure a kan ruwan rijiyarmu. Da na auna shi na samu gubar dalma miligiram 0.014 a lita, iyakar da aka yarda da ita kuwa 0.010, sai na buga maka waya nan take. Ban jira an tabbatar da hanyar awon ba. Makon nan shugabar ɗakin gwajinmu ta sa na auna tataccen ruwa, wanda babu komai cikinsa, har sau bakwai. Duk bakwai ɗin sun nuna dalma. Ashe sinadarin asid ɗin da nake ɗigawa cikin ruwan kafin awo ne gurɓatacce. Ta dube ni ta ce, "Najiba, kin gwada ma'aunin kafin ki gwada ruwan mutane?" Na kasa ɗaga kai.

Kada a buɗe rijiyar tukuna, domin yanzu ban sani ba ko da dalma ko babu. Na aiko kwalabe huɗu ta hannun Bitrus direba. A cika su da ruwan rijiyar yadda suke, kada a ɗauraye, a dawo mini da su in sake awo.

Na san wata biyu ke nan su Inna na tafiya har rafi ɗebo ruwa, kuma kai ka tsaya a masallacin Gozaki ka sanar da bakinka a rufe rijiyar. In za ka sake tsayawa, ka ce musu Najiba ce ta yi gaggawa. Ka yafe mini.

'Yarka,
Najiba