Hannuwa a Aljihu

Badarawa, Kaduna.

Zuwa ga aminiyata Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya bautar ƙasa, ya baƙunta? Na ga ta'aziyyarki ta yaron Yaya Lawal, Allah ya bar zumunci.

Maganar Sharhabil ce ta sa na rubuto miki, tunda ke kika haɗa mu. Kin san ajinmu ɗaya a jami'a, kuma bana aka fara mana falsafar addini. Darasin ba shi da laifi. Malamin kan kawo tambaya mai nauyi, ya kawo amsoshin da masana suka bayar tun shekaru aru-aru, ya ce mu auna. Mutuminki tambayoyin kawai yake kwashewa, amsoshin ya bar su a aji. Har tabarau ya saya ba ciwon ido.

Ranar uku ya zo gaisuwa. Kawu Bawa ya shigo da shi wajen mata, ya ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, har Anti Balaraba matar Yaya Lawal, da ko ruwa ba ta iya haɗiyewa tun da aka fita da ɗanta. Shi kuwa gogan ya zuba nasa a aljihu. Da aka shafa, maimakon ya ce ya haƙuri, sai ya gyara murya, wai yana kan bincike ko addu'a na canza abin da aka ƙaddara, da kuma dalilin da zai sa ɗan shekara biyu ya sha wahala. Babi na huɗu na littafin darasinmu ke nan, bai rage ko harafi ba, a gaban uwar yaron. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Wallahi ba tambayar ce ta ƙona min rai ba. Anti Balaraba ta fi shi sanin ta, da ita take kwana take tashi. Shi dai ya zo ne a ga ya yi karatu.

Ƙarshen wata iyayensa za su zo daga Abakpa sa rana. Baba ya ce shawara na hannuna, ni kuma na rasa tudun dafawa.

Taki har kullum,
Safara'u.

Badarawa, Kaduna.

Ummu tawa,

Salamun alaiki. Ina fata zazzaɓin ya sake ki. Kin ce in yi masa uzuri, ɗokin sabon ilimi ne. Na so in ji maganarki.

Jiya muka yi jarrabawar darasin. Na tarar da masanin namu a ƙofar aji yana haɗa zufa, ba tabarau, carbi a hannu yana ja kamar za a ƙwace. Ashe daga babi na huɗu bai ƙara buɗe littafin ba. Ya tare ni ya marairaice, wai in sa shi a addu'a, in kira Inna ma ta taya shi, addu'ar manya ba ta faɗuwa ƙasa. Wato a kan gawar ɗan wani ana kan bincike, a kan makinsa an gama.

Na dube shi tun daga sama har ƙasa, na naɗe hannuwana cikin hijabi na wuce.

Da na dawo na shaida wa Baba kada a wahalar da tsofaffi daga Abakpa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, don na so shi. Amma ba zan auri wanda zan ji kunyar shiga gidan makoki da shi ba.

Ki gaida mutanen masaukinku. Wassalam.

Taki,
Safara'u.