Sabuwar Fata a Hannun Odile

Namur, 9 ga Afrilu, 2020

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya lau. Yaya gwiwar taka? Ƙudan zumarka sun fara fita kuwa? Na koma rubutu ne domin a waya rabin maganata kake ji, sauran rabin ka ƙirƙira da kanka.

Ka kwantar da hankalinka, korona ba ta kama ni ba. Hannuwana ne dai suka lalace. A sashenmu na masu numfashi da inji, ma'aikaciyar jinya kan wanke hannu ta shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta kusan sau ɗari a yini, sannan ta cusa shi cikin safar roba har biyu, gumi ya yi ta jiƙa shi. Da ƙaiƙayi abin ya fara. Yanzu gaɓoɓin yatsuna sun tsattsage, idan maganin ya shiga sai na ciji leɓe. Takunkumi kuma ya ci karan hancina har ya zama miki.

Ban gaya wa kowa ba. Shugabarmu, Madam Ghislaine, idan ta gani za ta fitar da ni daga sashen, ga shi ba mu da yawa. Ina da wani majinyaci, Firmin, matuƙin jirgin dakon kaya a kogin Meuse. Kwanansa goma sha ɗaya bai san inda kansa yake ba. Mu shida muke haɗuwa mu kifa shi ruf da ciki don huhunsa ya samu sarari. Baba, da za ka ga yadda ƙaton namiji ke juyawa a hannunmu a hankali kamar jariri, ba igiyar inji ko ɗaya da ta motsa daga wurinta. Duk sanda muka gama sai tsigar jikina ta tashi. Yaya zan bar su su biyar?

Ka bar maƙwabta su yi maka cefane, kada ka fita.

'Yarka,
Odile

Namur, 28 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan tarin da ka ambata na sanyi ne kawai. Man kakin zuman da ka aiko ya iso, na gode.

Asirina ya tonu. Ina cire safa Madam Ghislaine ta hango jini a ciki. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Odile, miki ƙofa ne. Abin da zai shige ki ta nan zai iya fita ta nan ya shiga Firmin." Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na ɗauka jarumta nake yi. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ta tura ni wurin Dakta Collard, likitan fata. Shekararsa saba'in da shida, ya daɗe da ajiye aiki, shi ya dawo da ƙafarsa ba wanda ya kira shi. An ba shi wani ɗan ɗaki kusa da wurin wanki. Na tarar da layi: manyan likitoci, masu goge ɗakuna, masu tura gado, kowa da hannu a naɗe ko kumatu a ɗaye. Ba ya bambanta kowa, a gaban kowa yakan sunkuya da bayan nan nasa da ya lanƙwashe. Ya manna mini wasu 'yan filastocin gwaji a gadon baya har kwana biyu, aka gano wani sinadari ne da ke cikin robar safa jikina ba ya so. Ya yanke mini mako uku ba shiga sashe. Man naka kuwa ya sansana ya ce in gaya maka zai yi wa takalmi kyau.

Da na koma bayan mako ɗaya sai kuka ya ƙwace mini, na ce ni ban ga wani sauƙi ba. Ya jawo hannuna ƙarƙashin gilashinsa mai ƙara girman abu ya ce in leƙa. Baba, a gefen kowace tsaga akwai wani siririn layi mai sheƙi, ruwan hoda, yana rarrafowa daga ɓangarori biyu zai haɗe. Ya ce, "Tun ranar da fatar ta tsage take ɗinki, ke kina warwarewa sau ɗari a yini, ba ta kuma yi zuciya ta bari ba." Shekara tara ina wanke wa mutane raunuka, ban taɓa tsayawa na kalli wannan ba. Na daɗe a sunkuye har na bayana suka fara gyaran murya.

Yanzu waya aka ba ni, ina sanar da iyalai halin da nasu suke ciki. Yvette, matar Firmin, takan ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara ta farko.

Taka,
Odile

Namur, 26 ga Mayu

Babana,

Ina gaisuwa, na ji daɗi ƙwarai da tarin ya tafi. Ni ma na koma aiki da wata irin safa daban, da ta auduga a ciki. Mikin hannu ya rufe, saura tabo.

Firmin ya farfaɗo. An cire masa inji, muryarsa ta dawo a shaƙe. Sai dai kwanciyar ruf da ciki ta bar masa miki a goshi da kumatu da haɓa. Ranar da na kawo masa waya don su ga juna da Yvette, ya hango fuskarsa a gilashin wayar kafin kiran ya shiga, ya ture hannuna. Ya ce matarsa ba za ta ga wannan dodon ba. Kwana huɗu yana ƙi, ita kuma tana tambayata ko laifi ta yi masa. Abinci ma ya rage ci.

A rana ta biyar, bayan abincin rana, Madam Ghislaine ta tara mu a wajen ɗakinsa, bayan ƙofar gilashi, ta jera mu nesa da juna. Ta ƙwanƙwasa har ya juyo, sannan ta ce kowa ya sauke takunkumi, ya riƙe numfashi har ta ƙirga biyar. Hancina da tabonsa, kumatun wani duk ƙuraje, bayan kunnen wata a tsage, ita kanta Madam layuka biyu jajaye sun ratsa fuskarta kamar an zana da wuƙa. Ban san haka abin ya yi musu ba. Kowa ashe shiru ya yi da nasa ya ci gaba da zuwa. Firmin ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna wayar.

Ni na riƙe masa. Yvette ta ƙare masa kallo. Can ta ce, "Ka rame, tsoho. Wane mara mutunci ne ya aske maka gashin baki?"

Ni ce na aske shi, Baba, ranar da aka kawo shi. Ban dai faɗa mata ba tukuna.

An ce wata mai zuwa za a bari a ziyarci iyaye. Ka gyara mini kujera a lambu.

'Yarka mai kewarka,
Odile