Domin Kai da Iyalinka

Kusfa, Birnin Zariya
3 ga Agusta

Ƙanwata Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ruwa, ya mutanen Gombe, ya Alhaji da jikoki? Na san za ki ce me ya hana ni kira. Kunnen nan naki ne ya hana ni. In na faɗi magana ɗaya a waya sai na maimaita sau uku, maƙwabta su riga ki ji. Wannan kuwa ba ta maƙwabta ba ce, shi ya sa na ɗauko biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Malam ne ya ɗauko mini wani abu. Kin san tun da ya ajiye aiki a ofishin adana takardu ya rasa abin yi, har tukwanena yake jera mini daga babba zuwa ƙarama. Shekaranjiya bayan la'asar ya shigo da wata takarda mai sheƙi yana murmushi, wai in shirya, ranar sha biyu ga wata za mu tafi hutu kwana huɗu. Mu da shekara talatin da huɗu da aure ba mu taɓa kwana a waje ba sai gidan biki ko gidan rasuwa, in an cire aikin Hajji. Sunan wurin Kurmin Madaci, wai ɗakuna aka gina a cikin daji, mutane suna zuwa su huta.

Na karɓi takardar. A sama an rubuta da manyan baƙi: DOMIN KAI DA IYALINKA. Daga ƙasa kuma hotuna. Yara a kan lilo, yara a cikin ruwa, yara a kan jaki, wani uba ya ɗora ɗansa a wuya. Na ƙirga, yara sha ɗaya a takarda ɗaya.

Hassana, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma na daɗe da yin sulhu da wannan. Zamana lafiya lau, na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin, ina da mijina, ina da kajina. Malam bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko da wasa. To me ya sa yanzu, da furfura, duk wuraren duniya sai inda ake tara yara zai kai ni? Tun daga ranar nake tunanin ko abin yana cin sa tun tuni, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Ko yana so ya je ya zauna ya kalli abin da bai samu ba, ni kuma ina gefe.

Allah ya kai mu kawai na ce masa. Ke kika san irin wuraren nan, 'ya'yanki sun sha kai ki. Tsofaffi biyu ba yaro ko ɗaya, suna da abin yi a can? Ko in ce ƙafata ta tashi?

Ki gai da kowa.
Yayarki,
Uwa

*

Gombe
5 ga Agusta

Yaya Uwa,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, jikoki sun cika gida saboda hutu, kunnen da kike zagi shi ne rufin asirina.

Yaya, ke dai ba ki canza ba. Tun muna yara in Inna ta ba ki babban ƙashi a miya sai ki zauna kina binciken me take nufi. Mutum ya ce zai kai ki hutu. Ni Alhaji ko gidan zoo bai taɓa kai ni ba.

Gaskiyar irin wuraren nan kuwa, akwai ihu. Daga hantsi zuwa la'asar kamar an tashi firamare. Amma daji yana da faɗi, yara kuma ba sa nisa da wurin ruwa da wurin abinci. Ki je. In kunyar idon mutane kike ji, in ba ki aron Ibtisam, jikata ta wurin Salma, ta yi shekara shida, ta iya cin abinci da cokali. Ki riƙe hannunta ki shiga, ba mai tambayar ki.

Abin da ke ranki kuma, mutumin nan yana kwana ɗaki ɗaya da ke. Ki tambaye shi mana. In ba za ki iya ba, ni zan iya, dama tun ranar ɗaurin aurenku nake tsokanar sa bai taɓa ramawa ba.

Taki,
Hassana

*

Kurmin Madaci
13 ga Agusta

Hassana,

Sallama da gaisuwa. Ga mu a daji. Ban ari jikarki ba, na gode, ban kai ga aron yaro don idon mutane ba. Kuma kada ki kuskura ki yi wa Malam magana, na roƙe ki. Waya ba ta kamawa a nan sai ƙarƙashin wata bishiya kusa da ƙofar shiga, can zan je in turo wannan.

Bari in fara da mai zafin. Da muka iso, wata yarinya mai fara'a a wurin karɓar baƙi, sunanta Hidaya, ta ɗauko fom ta ce, "Baba, iyali mutum nawa?" Malam ya nuna ni ya ce, "Ga ta nan." Ta yi dariya ta ce, "A'a Baba, ina nufin yara nawa, don mu san abincinsu." Malam ya kalli fom ɗin, ya waiwaya ya kalli filin da yara suke ta guje-guje, ya sake kallon fom. Ni na amsa, na ce babu. Yarinyar ta ji kunya har ta ba ni tausayi.

Ɗakin da aka ba mu akwai babban gado, a gefe kuma gadon yara mai hawa biyu, an shimfiɗa masa zanen gado mai hoton giwa. Na ɗora akwatina a na ƙasa, na ɗora na Malam a na sama, don kada in riƙa ganin su fayau. A wurin cin abinci wata mata 'yar Kaduna ta ce mini, "Sannu Hajiya, Maman wa?" Na ce sunana Uwa. Ta ce, "Uwar wa?" Na ce sunan kakata aka sa mini, shi ya sa gida suke ɓoye shi da Uwa. Ta ce ayya. Wannan ayyar na san ta, na sha ta.

To amma kada in yi wa wurin ƙarya. Yau bayan asuba Malam ya ce mu zaga. Hassana, ba kowa. Masu yara duk suna ɗaki suna fama da wanka da kuka. Akwai wata siririyar hanya da ta ratsa cikin madatai, an yi ruwa jiya, ganye yana ta ɗiga, ƙasa tana ƙamshi. Tsuntsaye kala-kala, wani yana kuka kamar ana zuba ruwa daga tulu. Ba babur, ba injin markaɗe, ba rediyon maƙwabta. Muka sami wani benci a bakin rafi muka zauna har rana ta ɗaga. Na manta rabon da in ji daɗin safiya haka. Wani biri ya zo ya zauna nesa kaɗan yana kallon Malam, na ce ga abokin aikinka ya zo duba fayil. Da a gida ne sai ya yi dariya har da tari. Yau murmushi kawai ya yi.

Shirun nan nasa shi ya tsaya mini a rai. Tun daga wurin fom bai dawo daidai ba. Da rana na gan shi tsaye yana kallon wurin lilo, hannu a baya, ya daɗe. To me kuma nake nema in ji? Ga daji mai daɗi, ga miji yana kallon 'ya'yan mutane.

Ki sa mu a addu'a.
Uwa

*

Kurmin Madaci
14 ga Agusta

Zuwa ga Hajiya Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri gare ki da Alhaji da dukan jama'ar gida. Saƙonki ya same ni jiya da yamma a ƙarƙashin bishiyar da waya ke kamawa. Na karanta shi sau biyu. Kalmar da kika kira ni da ita a layi na uku na yafe, domin na cancance ta.

Kin tambaye ni dalilin da ya sa na kawo yayarki wurin yara. Zan amsa bisa tsari.

Na ɗaya. Takardar tallan an ba ni ita ne a bakin masallaci, a Ƙofar Galadima. Ni mutum ne da na yi shekara talatin da biyar ina karanta takardu, rubutu nake dubawa, ban saba kula da hoto ba. Na ga an rubuta "domin kai da iyalinka". Hajiya, kin san yadda muka taso. Mahaifina bai taɓa kiran sunan mahaifiyarmu a gaban mutane ba, sai dai ya ce iyalina. Ni ma haka. A ofis in na nemi izini, cewa nake iyalina ba lafiya. In an ce ya iyali, in ce tana lafiya. Tun da nake ban taɓa furta kalmar nan ina nufin wani mutum ba ita ba. Sai na ɗauka wurin na miji da mata ne, har na yaba wa masu shi da suka san ladabin magana. Ban gane ba sai da yarinyar nan ta ce yara nawa.

Na biyu, dalilin daji. Shekarar da muka yi aure na ɗauke ta a kan Vespa muka je gindin dutsen Kufena. Ta ce ita da za ta samu, da ta kwana ko sau ɗaya ne a inda ba abin da zai tashe ta sai tsuntsu. Na ce insha Allahu. Aiki ya yi ta cin shekaru. Wataƙila ita ta manta, ni na rubuta a bayan wani littafi.

Na uku, kallon lilo da kika ce an gan ni ina yi. Gaskiya ne. Ina auna nisansa ne da ɗakinmu, domin na nemi a mayar da mu wani ɗaki can ƙarshen hanya inda ihun ba ya kaiwa. Sun ce gobe za a samu.

Game da abin da kika ce tana zargi, cewa akwai abin da na rasa nake ɓoyewa. Ba zan ce ban taɓa roƙon Allah haihuwa ba, na roƙa, da ƙuruciya, kamar yadda ta roƙa. Amma ban taɓa shiga gidana na ji bai cika ba. Ban san yadda ake faɗa wa mace irin wannan ido da ido ba, ba a koya mana ba. Kunya ta ishe ni, na yi nufin faranta mata na ɓata. Ina roƙon ki wannan takarda ta tsaya tsakanina da ke.

Wassalam.
Naki,
Abdulhamid Shehu

*

Gombe
14 ga Agusta

Yaya,

Kin ce kada in yi masa magana, na yi. Ya ce kada in nuna miki amsarsa, ga hotonta nan na turo. Ku biyun ku haɗu ku yi fushi da ni, ko ba komai kun sami abin yi tare.

Hassana

*

Kurmin Madaci
16 ga Agusta

Hassana,

Sallama. Na karanta a tsaye ƙarƙashin bishiyar nan, sai da na nemi wurin zama. Maganar Kufena wallahi na manta, sai da na gani ta dawo mini har da kalar gyalen da na yafa. Ban gaya masa na gani ba, ke ma ki kama bakinki sau ɗaya a rayuwarki.

An mayar da mu ɗakin ƙarshe. In wasu tsofaffi suka tambaye ki ko wurin nan ya yi, ki ce ya yi, su dai nemi ɗaki nesa da lilo, su kuma tashi da asuba. Malam ya dawo da dariyarsa, har ya ba birin nan ayaba.

Yau da safe kafin mu kama hanya ake ɗaukar hoton tafiya. Mai hoto yana riƙe da takarda yana kira gida-gida. Ya ce, "Iyalin Malam Abdulhamid." Na ga Malam ya sunkuyar da kai, sai na riga shi tashi, na gyara mayafi na je na tsaya, ya zo ya tsaya kusa da ni. Mai hoton ya sauke kyamara ya ce, "Hajiya, a jira sauran su zo?"

Na ce, "Ɗauki abinka, mun cika."

Sai mun iso gida.
Yayarki,
Uwa