Sabon Faifan Yana Ƙara Kamar Carbinta

Bu Retno, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne a garin Purwokerto. Matata Warsiti ta rasu, saura wata guda mu yi mata sadakar kwana dubu. 'Yarmu tilo, Ndari, tana aikin jinyar tsofaffi a Taiwan. Gidan daga ni sai ƙadangarun bango.

Duk hotunan marigayiya da muryarta suna cikin faifan ajiya na kwamfuta, wanda Ndari ta saya mini. Ran nan ya mutu. Mai shago ya ce yana da garanti, in aika wa kamfani. Ni da hannuna na naɗe shi, na ɗaure tsaf. Wallahi na zaci gyarawa za su yi su dawo mini da abina. Ashe musanya suke yi. Shekara talatin ban ɓatar da wasiƙar kowa ba, sai ga shi na aika muryar matata inda ba ta dawowa.

Bayan mako uku suka turo wani, babu komai a ciki. Ndari ta tattaro abin da ya rage a wayarta, hoto goma sha ɗaya da saƙon murya biyu, na zuba a ciki. Wayar kuma ta faɗa ruwa daga baya. A hotunan nan zan zaɓi wanda za a buga a bangon littafin Yasin da za mu raba wa baƙi.

To, sabon faifan ƙara yake yi. Ƙis, ƙis, ƙis, ya yi shiru, ya sake. Mai shago ya ce in mayar, saura kwana tara garantin ya ƙare. Na kasa. Kunya nake ji, amma gara in faɗa: haka carbinta na katako yake yi idan ta zauna a bayana bayan la'asar. Yanzu nakan kunna kwamfutar ba don komai ba, in haɗa shayi, in juya mata baya in zauna. Makonni ukun da na yi ba faifai, shirun gidan nan ya kusa kashe ni. Ina kewarta, Bu. Shin dole ne in mayar?

Tsohon Ɗan Gidan Waya

Pak, baban Ndari, Allah ya jiƙan Bu Warsiti. Ban yi dariya ba, kuma ba kai kaɗai ka taɓa zaton garanti gyara ne ba, ka daina zargin kanka.

Gaskiya ba kowace ƙara ce matsala ba. Wani faifan da gurnaninsa yake zuwa, ya yi shekaru lafiya ƙalau. Amma irin wadda ka kwatanta, mai maimaituwa tana tsayawa, yawanci alamar faifan ya kusa mutuwa ce. Duk zaman shayin da kake yi kana kunna shi, kana rage kwanan hotunan nan ne.

Yau ɗin nan, kafin komai, ka kwafe su wuri biyu har da saƙonnin muryar, ka tura wa Ndari, ka kai a wanke maka hotunan a takarda. Sannan ka ɗauki ƙarar a wayarka. Shaida ce ga mai shago, kuma ba wanda ya hana ka ajiye ta. Gobe ka mayar da faifan, ka roƙi a gwada sabon a gabanka.

Makonnin jiran kuwa, ga aiki. Matan da take zuwa karatu da su, da maƙwabta, na tabbata akwai hotunanta da saƙonninta a wayoyinsu. Ka bi su gida-gida ka ce littafin Yasin kake haɗawa. Za su zaunar da kai, su cika ka da labarinta har ka gaji. Ai kai ka saba ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, wannan karon karɓowa za ka yi.

Carbin nata kuma, ina kyautata zaton yana nan inda ka ɓoye shi don kada ka gani. Ka ɗauko shi bayan la'asar, ka ja mata da hannunka.

Allah ya ba ka haƙuri, ya kai mu ranar sadaka lafiya.

Bu Retno